Farcen Iya da Tsiron da Ke Cikin Sif

A gidanmu na ƙauye, can gabas da Ɗambatta, ba a fara tatsuniya sai an kwashe tuwo an bar garwashi. Kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, ita ke da murhun tsakar gida. Idan sanyi ya shigo takan sa a tara mata karan dawa, ta zauna kan kifaffen turmi, ta miƙe ƙafafu wajen wuta. Mu jikoki sai mu kewaye ta, kowa na turereniya don kada ya zama na gefe, saboda na gefe shi duhu ke taɓa wa baya. Ni kuwa matsoraciya ce tun asali. Kullum ina manne da gwiwarta, ina shaƙar ƙamshin hayaƙi da man gyaɗa da ke jikin zanenta.

Iya na da ɗan lambu a bayan ɗakinta: rama, yakuwa, barkono, da duma da take ɗaurewa jikin danga da igiyar kaba don ya bi inda take so. Farcen babban yatsanta dogo ne, lalle ya rina shi ja. Da shi take bin ramar da safe tana tsinke mata kai, bayan kwanaki sai ka ga inda ta tsinke ya fito da rassa biyu.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ku matso, wannan ba ta son a ji ta daga nesa." Da mun ji haka mun san ta Tanko za ta yi.

Tanko mutum ne mai son jiki. Wata safiya ya tashi ya ga wani tsiro a bakin ƙofar ɗakin 'yarsa, ganyensa na sheƙi, ba wanda ya san irinsa. Matarsa ta ce ya tuge shi. Ya taɓa ƙasa ya ji tauri, ya ce gobe, ya sa farce ya tsinke masa kai kawai. Da gari ya waye kan ya zama biyu. Ya sake tsinkewa, suka zama huɗu. A nan Iya ke ƙanƙance murya ta rera waƙar da tsiron ke yi idan mutanen gida sun kwanta:

"Tsinke ni Tanko, tsinke ni,
Kai kana sama, ni ina ƙasa."

Mukan ƙanƙame juna. Rassa suka yi ta yawa, suka naɗe randa, suka naɗe turken jaki, har wata safiya aka tashi sun rufe ƙofar ɗakin ruf, yarinyar na ciki tana kiran babanta. Aka tara maƙwabta da gatura. Duk reshen da aka sara sai ya fito da biyu. Sai wata tsohuwa ta ce su bar sama su haƙa ƙasa. Da suka haƙa suka tarar saiwar ta shige ƙarƙashin katanga ta zagaye ɗakin, ba yadda za a cire ta sai an rushe ginin.

"Iya, yarinyar ta fito?" Kullum ni ke tambaya.

Wani daren ta ce ta fito. Wani daren sai ta zuba wa wuta ido ta ce, "Ku tashi ku kwanta, garwashi ya mutu." Irin wannan daren ba na iya barci, ina jin kamar wani abu na tsirowa a bakin ƙofarmu.

Na taɓa tsare ta a lambu na ce, "Iya, ke ma ai abin da Tanko ya yi kike yi." Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Balaraba, ni na san abin da na shuka."

Yanzu na manyanta. Ina zaune a Naif, cikin Dubai, a wani ɗan fulat da ke saman shagunan takalma. Maigidana Alhaji yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya, jakunkuna da takalma, yana loda su a kwantena. Autanmu Nasiru, wanda ya shiga shekara ashirin, shi ke taya shi a shago. Nan ba murhu ba tsakar gida, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da hayaniyar masu tura kaya a lungu. Na yi shekaru ban tuna da Tanko ba.

Tun bara na fara ganin canji a Nasiru. Na ji wani wari a rigarsa, na yi masa faɗa, ya koma fesa turare. Na hana shi yawo da wasu samari, ya koma hira da su ta waya. Na ce ya riƙa dawowa da wuri, ya dawo, amma ya fara kulle ɗaki.

Wata ranar Talata da hantsi ya fita a gurguje ya manta mukulli a jikin ƙofa. Na shiga don in kwashe kayan wanki. Sai na ga haske na fitowa ta tsagar sif ɗinsa na ajiye tufafi. Na buɗe. Ya kwashe tufafin, ya rataye fitila, a ƙasa kuma ga bokitin fenti cike da ƙasa, da tsiro a ciki. Da farko zuciyata ta ce rama ce, don ganyen ya yi kama. Amma ni a cikin rama na girma, na san warinta, wannan ba shi ba ne. An tsinke masa kai, ya yi rassa, an ɗaure kowane reshe da zare an ja shi gefe, da kulawa irin wadda ban taɓa ganin yaron nan ya yi wa komai ba. Na zauna a bakin gadonsa.

Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san ba a wasa da maganar wiwi. Ɗauri ne, da kora, kuma ba shi kaɗai abin zai shafa ba: bizarmu, shagon ubansa, sunan da aka daɗe ana ginawa. Ina zaune ina jin takun mutane a matakala, kowane taku sai in ce wajenmu za a zo. Mai gyaran na'urar sanyi ma ya ce zai leƙo a makon.

Da ya dawo cin abincin rana na ja shi ɗakin, na buɗe sif ɗin.

"Umma, guda ɗaya ne fa," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wani ne ya ba ni irin, na ga yadda ake yi a waya. Khalas, shi ke nan, zan yanke shi yanzu."

"Ba yankewa za ka yi ba. Sa hannunka ka tuge shi."

Ya durƙusa ya kama gindin ya ja. Saiwar ta cika bokitin, ta fito da ƙasar gaba ɗaya.

"Don Allah kada ki gaya wa Abba."

Nan ne na fi shan wuya. Na san zafin Alhaji, na kuma san idan na rufe, mun zama mu biyu masu ɓoyo. Bayan sallar magariba na gaya masa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Cewa kawai ya yi, "Hajiya, yaron nan ba zai ƙara wata a garin nan ba." Kafin mako ya zagayo Nasiru na Kano, wajen yayan Alhaji, yana koyon aiki a shagon kayan gini. A filin jirgi bai yarda mun haɗa ido ba.

Ina ƙarama na ɗauka Iya tsoratar da mu kawai take yi don mu daina son jiki. Yanzu na ga abin da ta gani: faɗan da ake yi wa yaro a sama-sama yana iya ƙara wa abin rassa, alhali tushen na can inda ba a son a haƙa. Abin da ban sani ba, kuma ba Iya da zan tambaya, shi ne ko abin da muka yi ya kai ga saiwa, ko kuwa mun ɗauke ta ne da ƙasarta mun kai Kano, inda idona ba ya kaiwa.

Nasiru yakan kira duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yana ba ni labarin siminti da farashin kwanon rufi, yana cewa lafiya lau. Ni kuma ina danna wayar a kunne, ba maganar nake bi ba, muryarsa nake saurare.