Dosiyen da Muka Cika Mu Biyu a Duwala

Ana idar da sallar asuba motarmu ta fita daga tashar Marwa, ni da wata ɗalibata 'yar aji uku a kujera ɗaya, jakar takardu a tsakaninmu. Da yawa cikinku kun tambaye ni inda na ɓuya har kwana goma sha ɗaya. Duwala na je, kuma ba hutu ya kai ni ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata goma sha tara ina koyar da dokokin duwan, wato kwastan, da aikin fiton kaya a wata makarantar gaba da sakandare a Marwa. A da, kowane ɗalibi sai ya yi sitaj, wato horon aiki, na wata uku a ofisoshin bakin iyaka kafin a ba shi takardarsa. Tun da tashin hankalin nan ya kashe hanyoyin iyaka, ofisoshin suka watse, muka ci gaba da yaye ɗalibai da allo da alli kawai. A farkon zangon nan ɗalibai suka rubuta koke mai shafi huɗu. Wadda ta miƙe ta karanta shi a gaban shugaban makaranta ita ce wannan da ke kusa da ni a mota, kuma darasina ne na farko a jerin ƙorafe-ƙorafen. Cikin ladabi ta ce abin da nake koyarwa ya tsufa. Na yi kwana biyu abinci ba ya min daɗi.

Daga baya aka kafa kwamiti, malamai uku da ɗalibai uku, kowa da bakin magana daidai da na kowa. Kwamitin ne ya tura mu biyu Duwala, mu ji ta bakin tsofaffin ɗalibanmu da ke can, mu kuma nemo wa na yanzu wurin sitaj. Ɗalibai suka kafa sharaɗi: ita za ta yi tambaya, ni in riƙe biro. Wai idan malama ce ta tambaya, kowa cewa zai yi komai lafiya lau.

Tsakanin Marwa da Garwa mun sauka a shingen jandarma sau biyar, kowa da katin shaidarsa a hannu, mu taka da ƙafa mu wuce igiya sannan mu sake hawa. Babu mai gunaguni, duk mun san dalili. A Garwa rana ta yi kamar za ta narka kwalta, muka ci soyayyen kifin Binuwai da burodi a tsaye. Da muka iso hawan dutsen nan na kusa da Ngaundare, motar ta riƙa nishi kamar tsohuwa a kan matakala, har direba ya ce duk wanda ya iya addu'a ya taimaka. Duk wannan tafiyar, maganar da ta haɗa ni da ɗalibata ba ta wuce "Malama ga ruwa" da "na gode" ba.

Jirgin ƙasa muka hau da yamma, gari ya waye mana cikin daji mai duhun ganye. A kowace tasha mata na ɗaga faranti zuwa taga, ayaba, zuma, da avoka, wato fiya, tuli guda a kuɗin da za ka sayi ƙwaya biyu a Marwa. Ɗalibata ta sayi bobolo, rogon nan da ake naɗewa a ganye, ba ta taɓa ci ba. Da ta kwance shi warin tsaminsa ya buge ta, ta ɓata fuska, na kasa riƙe dariya. Nan ne muka fara hira ta gaske. Daga Yawunde zuwa Duwala mota ce, tana ratsa gonakin kwakwar manja, tana kauce wa manyan motocin katako. Muna tsallake gadar Edeya ruwa ya sauko, bai ɗauke ba har muka shiga gari.

A New Bell muka sauka, gidan Goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta fi shekara arba'in a unguwar. 'Yan bensikin, masu babur ɗin haya, suka ajiye mu a bakin layi, sauran muka ƙarasa a kan katakan da aka shimfiɗa bisa kwata. Masallatai uku suka kira la'asar kusan tare. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Sannunku da voyaj, ashiya, kun fatige ko?" Ɗalibata ta dube ni, na ce mata ta saba, Hausar nan da Faransanci kwano ɗaya suke ci. Goggo ta ciyar da mu miyar ndole da naman sa, ta kuma yi min faɗan ramewa kamar ba ni da jikoki.

Kwana uku muka yi muna bin tsofaffin ɗalibai, da lambobin da ɗalibata ta tattaro tun daga gida. Mun ga tara. Uku ne kawai ke aikin da suka karanta. Ɗaya yana tuƙa bensikin, da ya gan ni sai ya ja hular kwanonsa ya rufe fuska. Na rubuta kawai, ko da yake bakina na ta ƙaiƙayi.

A Kasuwar Kongo muka haɗu da Sa'adatu, wadda ta zo ta ɗaya a ajinsu shekara shida da suka wuce. Ta kawo wa wani ɗan kasuwar atamfa takardun kontenarsa, muka zauna a kan dilar yadi a bayan shagon. Ɗalibata ta tambaye ta abin da ta tarar ranar da ta fara neman aiki. Sa'adatu ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

"Faɗi, yaya," in ji ɗalibata. "Malama rubutu kawai ta zo yi."

"Malama, ki yi haƙuri," in ji Sa'adatu. "Takardun da kika koya mana cikawa da biro, an daina su tun kafin mu gama. Komai a kwamfuta yake. Sau biyu aka zaunar da ni gwaji, ban san ma inda zan taɓa ba. Na fito na tsaya a bakin titi ina kuka da sakamakona na ɗaya a jaka. Shekara guda na yi ina kai saƙon takardu da ƙafa, ina leƙen kafaɗar mutane, kafin na iya."

Na rubuta kalma bayan kalma. Ban tsallake ko ɗaya ba. Ni na sa mata hannu a takardar yabo, na sallame ta zuwa bakin titin nan.

Washegari Sa'adatu ta kai mu ofishin da take aiki, kusa da tashar jiragen ruwa. Ta taga kana hango kontenoni jere kamar unguwa, da manyan motoci masu jiran lodi zuwa arewa da Cadi. Mai ofishin wani Alhaji ne haifaffen New Bell, ya yi furfura a aikin fito, yana fara zance da Hausa ya ƙare da Faransanci. Ya saurare mu har ƙarshe, ya sa aka kawo mana shayi, sannan ya ce a'a.

"Hajiya, ɗalibanku sun haddace doka, amma ba su iya buɗe dosiyen takardun kaya ba, ni kuma nan ba makaranta ba ce. Ga shi a wannan zamani, da an ji yaro daga Marwa yake sai a fara tambayoyi. Wa zai tsaya musu? Ina za su kwana?"

Na buɗe baki zan kare makarantarmu, sai ɗalibata ta riga ni. "Baba, a ba ni dosiye ɗaya a gwada ni." Ya yi murmushi, ya sa aka buɗe mata wani tsohon dosiye a kwamfuta. Minti arba'in ta yi tana gumi, ba ta kai rabi ba. Ta miƙe ta ce, "Na faɗi. In dawo gobe?" Ya ce ƙofa a buɗe take, da alama bai zaci za mu dawo ba.

Da muka koma gida muka ba Goggo labari, ta ajiye muciya. "Kwana ne matsala? Ɗakuna biyu na nan tun da 'ya'yana suka yi aure." Kafin magariba ta zaga gida huɗu, ta kuma aika wa dattawan masallacin layinsu. Suka ce duk ɗalibin da makaranta ta turo da takarda, su za su tsaya masa a matsayin ɗan unguwa. Sa'adatu kuma ta biyo da kwamfutarta bayan la'asar, ta nuna wa ɗalibata hanyar shafukan a kan tabarmar Goggo.

Rana ta biyu Alhaji ba ya nan, muka zauna a benci har azahar muka tafi. Rana ta uku muka riga masu shara zuwa. Ya ba da wani dosiyen, na kayan gyaran injin niƙa. Wannan karon yatsun ɗalibata na gudu, har ta iso gurbin da ake sa lambar nau'in kaya, nan ta tsaya cak. Na ce, "Alhaji, ni ma ɗalibar ce yau, a bar ni in matso." Na ja kujera. Ban san inda ake latsawa ba, amma lambobin nan suna kaina kamar sunayen 'ya'yana. Ina faɗa, tana shigarwa. Can na lura nauyin da ke takardar jirgi bai yi daidai da na takardar mai kaya ba, na ce ta dakata. Alhaji ya sa tabarau ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Ashe da gangan ya zaɓo dosiyen, kuskuren ya taɓa tsayar masa da kontena mako biyu.

"Ke kin iya hannu, ita ta iya ido," ya ce wa ɗalibata. "Ku turo min huɗu a kowane zango. Amma waɗanda kuka koyar ku biyu, ba na ɗayarku ba." Ya kuma kira wani abokin aikinsa a gabanmu, shi ma ya karɓi biyu.

Da yammar ranar Goggo ta sa aka sayo mana gasasshen kifi, irin wanda ake ci ana share hawayen barkono, da miyondo, wato siririn bobolo. Washegari muka kamo hanya. A jirgi muka baje takardu a kan cinya, muka bi darasina mako bayan mako. Ta soke uku, na yi gardama a kan ɗaya na kuma ci, ta ƙara biyar. Fasinjan da ke kusa da mu ya ɗauka uwa da 'ya ne ke rigimar gado.

Mun iso Marwa lafiya ranar Alhamis. Kwamiti ya karɓi rahotonmu, shugaban makaranta ya amince da sitaj, amma ya ce maganar ɗakin kwamfuta sai baɗi. Ɗalibai suka ce ba za su jira baɗi ba, suka haɗo kwamfutoci biyar na aro daga gidajensu, ni kuma na kawo tawa.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, shekara da shekaru ina auna ɗalibai, ban taɓa barin su auna abin da nake ba su ba, alhali su ne ke fita da shi kasuwa su ga ko yana ci. Jin gaskiya daga bakin wanda ka koyar akwai zafi, amma zafin bai kai na tsayawa a bakin titi da takardar da ba ta aiki ba.

Yanzu kowace Asabar da safe Sa'adatu na koyar da mu ta waya daga Duwala, ina zaune a layi na biyu cikin ɗalibai. Makon jiya na cika dosiyena na farko ni kaɗai, na tura mata. Ta dawo min da shi da gyara huɗu, ta rubuta a ƙasa, "Malama, a sake." Na sake.