Nambewe Mai Chisoso

A rumfar masu jinya ta wani asibitin mishan da ke gefen garin Dedza na san Nambewe, shekarar da mahaifiyata ta karye a ƙugu. Asibiti magani yake bayarwa, abinci kuwa kowa da tukunyarsa. Garin masara ba ya yanke mana, abin da za a ci tuwon da shi ne wahala.

Nambewe ta daɗe da riga mu zuwa. Mijinta Yotamu, tsohon birkila, ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. Gajeriyar mace ce mai faɗin ƙafa, kuma ban taɓa ganin bakin zaninta babu baƙaƙen ƙayoyi maƙale ba.

"Ga bushiya nan ta dawo!" in ji Dorika, wata mai jinyar ɗanta, wadda bakinta ba ya hutawa. "Amayi, uwarmu, yau ma ciyawar awaki za ku ba maigida?"

"Ke ma ita za ki ci, har ki lashe yatsa," in ji Nambewe, ta zazzage ganyen da ake kira chisoso a faifai.

Ni a birnin Lilongwe na girma. Abin da na sani game da chisoso bai wuce ciyawar da ke ɓata wa 'yan makaranta safa ba. Ranar da Nambewe ta ga zan kai wa mahaifiyata tuwo da ruwan gishiri, sai ta kama hannuna ta ja ni bayan katanga.

"Taɓa karan nan, 'yata. Kin ji kusurwa huɗu gare shi? Ganye uku-uku, bakinsa kamar zarto. Furen ɗan ƙarami ne fari, tsakiyarsa ruwan ɗorawa. In ya bushe, shi ke zama allurai baƙaƙen nan."

Na kai hannu kan wata ciyawa da ke kusa, ta buge shi.

"Wannan mai shuɗin fure? Murza ki shinshina."

Na murza, wari ya doki hancina.

"To kin ji. Wannan ko akuya sai ta yi shawara."

Ta nuna mini yadda ake tsinkar tohon da bai yi fure ba, don wanda ya tsufa ɗaci gare shi. Muka dafa da tumatir da garin gyaɗa. Ranar mahaifiyata ta cinye malmalarta tas, har ta nemi ƙari.

Ba miya kaɗai ta san shi da ita ba. Wata rana wuƙa ta zame wa Dorika a yatsa, ta cika rumfa da ihu. Nambewe ta murje ganyen a tafin hannu ta matsa mata ruwan a yankan.

"Wayyo! Kashe ni za ku yi?"

"Ai da na huta da surutu. In jini ya tsaya ki je ki nuna wa nas, nawa sanin a nan ya ƙare."

Mai gyambon baki kan samu ruwan dafaffen ganyen ya kurkure. Abin da ya rage ta ɗan tafasa, ta shanya a kan rufin rumfa saboda rani.

Yotamu ya rasu kafin damina ta ɗauke. Muka raka Nambewe bakin ƙofa muna kuka, Dorika ta fi kowa. Mun ɗauka mun rabu ke nan. Bayan ta gama zaman makoki sai ga ta da kwando a ka, ta tako daga ƙauyensu na bayan dutse. Tun daga nan duk ranar kasuwa sai ta zo. Ba sayarwa take yi ba. Takan zaga rumfa tana leƙa tukwane, in ta ga baƙuwar fuska zaune da tagumi ta ce, "Tashi mu je bayan katanga."

Na tambaye ta me ke kawo ta.

"Gida ya yi shiru da yawa," ta ce. "Nan kuwa akwai masu tsokanata."

Shekaru ta yi a haka, har gwiwa ta ƙi. Ɗanta ya ɗauke ta zuwa birnin Blantyre, gida mai tsakar siminti. Bara na kai mata ziyara, na tarar ta shuka chisoso a tsohuwar robar wanka, maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariyar mai ba ciyawa ruwa. Surukarta ta dafa mana. Nambewe ta ɗanɗana ta yatsina fuska, ta ce ƙasar birni ba ta da ƙarfi, amma sai da ta ga ƙarshen kwanon.