Layin Babban Mutum

Shekara shida na yi a wani ɗan ofis a Daura ina lura da turakun sadarwar kamfaninmu da ke ƙauyuka. Kowane turke ɗigo ne kore a allon kwamfutata. Idan layin da ya haɗa shi da mu ya yanke, sai ya koma ja.

Na garin Babban Mutum ya fi ba ni wahala, musamman da damina, in iska ta karkatar da farantin da ke samansa. Nakan aika masa saƙon gwaji sau uku, in jira. In na ji shiru, in juya layin ta hanyar turken Kongolam. In nan ma ya ƙi, to sai Baba mai gadin turken.

Shi kuwa wayarsa ma da turken take aiki. Da ya ga sabis ya ɗauke, sai ya hau kekensa ya nufi bakin iyaka, inda layin Nijar ke kamawa, ya kira ni. Yana haki zai fara gaisuwa, ya tambayi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa duk na ƙagu. Sai ya gama tukuna zai gaya mini ko janareto ne ya mutu, ko farantin ne ya juya. Wata rana na katse shi, na ce ya bar gaisuwar nan mu yi aiki.

Ya ce, "Ɗana, na yi tafiya mai nisa kafin in ji muryarka. Bari in gaishe ka."

Ban ƙara katse shi ba. A bakinsa nake jin ko gero ya yi kyau, ko ruwa ya yi gyara a arewa. Sau biyu kacal muka haɗu ido da ido.

Daga baya aka kawo na'urorin da ke sauya hanya da kansu in layi ya faɗi, ni kuma aka mayar da ni Kano. Kira ya yi ta raguwa har ya tsaya. A bakin direbanmu na ji rasuwarsa, bayan sati uku da binne shi.

Na je ta'aziyya. Matarsa ta fito da wake a ƙullin buhu, ta ce tun kaka ya ware shi, wai na mutumin Daura ne. Na karɓa. Na zauna a kan dakalinsa har aka kira la'asar, sannan na kama hanya.