Ranar da Baba ya sa mutane shan ruwa kafin lokaci

Shekara tara ke nan da muka binne mahaifina, Malam Idrisu, a nan Jidda. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma wani labari da na ji kwanan nan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wai a Amurka an ɗauke wuta a gidan da ake ajiye agogon atam, wanda agogunan gwamnati da wayoyin jama'a ke bi, har ya ɗan kauce. Kaucewar ba ta kai ƙiftawar ido ba, masana suka gyara, halas, shi ke nan. Na ce oh ni Hauwa, ina ma Baba na raye ya ji!

Baba mai gadin sito ne kusa da Tashar Jiragen Ruwa. 'Yan dako na da ɗan masallaci a ciki, shi ke musu kiran salla don Allah, babu ko sisi. Da agogon hannunsa yake aiki, sai kafilin ma'aikatan, wato uban gidansu, ya kafa musu na lantarki a bango, ya ce shi za a riƙa bi.

Wata Ramadana, kafin waya ta yawaita, aka kwarara ruwa da la'asar. Wuta ta ɗauke ta dawo, agogon bango ya tashi yana gaba, babu wanda ya lura. Gari ya rufe da hadari, ba a ganin rana. Baba ya dubi agogon bango ya ɗaga murya da kiran magariba. Mutane sun ci dabino, sun kurɓi ruwa, har an tayar da salla, sannan kiran sallar sauran masallatai ya iso.

Malamai suka ce babu zunubi, a rama ranar kawai. Abokansa har tsokanarsa suke, "Yalla Malam, yau ma ka taimaka mana da wuri." Yakan yi murmushi, amma bai ƙara kiran salla ba har ya mutu. Wallahi na sha yin faɗa da shi. Na ce, "Baba, laifin wuta ne!" Ya ce, "Hauwa, wuta ba ta da murya. Tawa suka ji."

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kada wani ya mutu bai rama ba. Ya bi su gida-gida, daga unguwar Ruwais har ta Bani Malik, yana tambayar kowa. Duk ya same su sai mutum ɗaya, Abakar, Bahaushen Sudan, wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare aka mayar da shi gida kafin Sallah. Duk alhajin da ya zo daga Sudan sai Baba ya tare shi da cigiya.

Yau 'ya'yana da waya suke shan ruwa, ko taga ba sa leƙawa. Na san da Baba na nan da zai girgiza kai ya ce wayar ma wani agogon take bi, shi ma wuta ce ke riƙe da shi. Ina baƙin cikin muryar da muka rasa tun yana da rai. Unguwarmu cike take da yaran da ba su taɓa sanin yana da ita ba.

Bai bar mana gida ba, cigiyar nan ya bari, kuma na karɓa. Abakar, in kana raye, ko wani naka na karanta wannan: Malam Idrisu mai gadi ya neme ka har a gadon asibiti. Ya ce ka rama ranar ruwan nan, kuma ka yafe masa.