Tsanin Baba Ashafa

Mahaifina, Ashafa, magini ne, kuma kansa ya fi tubalin da yake bugawa tauri. Ni 'yarsa ce, ina da bakin faɗa.

A garinmu, kusa da Makarfi, akwai tsohon ɗakin karatu na jama'a, ginin ƙasa tun zamanin En'e. Kakana na cikin waɗanda suka ɗaga shi. Kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, ko da bazara ka shiga sai ka ji sanyi kamar gindin randa. Bakan gizo huɗu ne suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya suna riƙe da azara, babu ginshiƙi ko ɗaya. Sai dai rufin ƙasa ba ya yafiya. Kowace shekara kafin ruwan fari sai an hau an sake yaɓe da makuba, an share indararo. Shekara arba'in Baba yana wannan hawan. Kafin ya jingina tsani yakan aika gidajen maƙwabta a ce namiji zai hau sama, mata su shige ɗaka.

Shekara goma sha biyu ke nan kwamitin gari ya kawo kwano za a rufe kowa ya huta. Baba ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa, ya ce sai dai a fara buga ƙusar a kansa. Aka mayar da kwano. Labari ya kai Zariya, masana suka zo da kyamara suna ta ɗaga kai suna jinjinawa. Suka kafa allo cewa ginin kayan tarihi ne, ba a sa masa kwano ko siminti, har da sunan Baba a ƙasa. Suka shiga mota, shiru kake ji. Samarin da ya koya wa aiki kuwa duk sun koma bulo.

Tun daga nan ya zama ɗaurarre. Ko suna ake yi a gidana a Kudan, da ya hangi hadari zai nemi takalmansa.

Bana gwiwarsa ta ƙi. Yayana Muktar ya samo masa ranar da za a yi masa aikin tiyata a wani asibiti a Zariya, likita kuma ya ce in aka ƙara jinkiri ƙafar ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Na zo in shirya shi, saura kwana huɗu, na tarar ya dogara sanda ya tafi wurin shugaban kwamiti, wai a dawo da kwanon nan, ya haƙura. Wallahi da aka gaya mini sai da na yi hawaye. Shugaban ya nuna masa allon, ya ce, "Baba, ai kai ka hana. Yanzu ko mu ba mu isa ba."

A gindin tsani na same shi. Makuba ta jiƙu, ƙasa ta kwana, gabas ta fara duhu. Ya ɗora ƙafa a matakin farko, ta ƙi ɗaukarsa. Na buɗe baki na yi ta masifa, na ce littattafan nan ba su za su yi masa jinya ba. Ya bari na gama tsaf.

"Uwaliya," ya ce, "in ruwa ya shiga azara, babu mai iya mayar da bakan gizon nan. Ba zan shiga mota ba."

Na san hali. Na buga wa maigidana waya, na ɗaure zane, na karɓi ƙwaryar ƙasa. Tun ina ƙarama nake miƙa masa ƙasa, hannuna bai manta ba. Kwana uku ina sama ina yaɓe, yana ƙasa yana kushe aikin da bai gani ba. A na huɗu ya shiga motar Muktar.

Ba a aika wa maƙwabta ba, tunda mace ce ta hau, amma kowa ya gani. Jiya shugaban kwamiti ya aiko mini da makullin ɗakin har Kudan, wai in ajiye kafin baɗi.