Gogen Cikin Kwamfutar Ɗandije

A Filinge kowa ya san Ɗandije mai gyaran salula, wanda shagonsa ke kuka kamar an take wutsiyar kyanwa. Ba rediyo ba ce. Tun da ya bar lekwal, wato makarantar boko, ya kamu da wani irin rubutu da ake yi wa kwamfuta, ita kuma ta mai da shi sauti. Kalmomin rubutun sun fi ƙarfin kansa, sai ya liƙa wata ƴar dabara a manhajarsa ta shiga intanet: ya shafa kalma, ya danna maɓalli, bayaninta ya faɗo nan take. Da ita yake taƙama kamar shi ya ƙera ta.

Abin da ke cin ransa shi ne kawunsa Magagi, mai gogen bori a wani ƙauye kusa da Tabla. Hannun tsohon ya fara rawa, gogen ya koma rataye, kuma babu wanda ya gaji kiɗan. Ɗandije ya roƙa a koya masa, Magagi ya ce yaran yanzu ba su da zama. Ya roƙa ya ɗauki sautin a salula, tsoho ya kore shi da sanda. Ɗandije na tsoron ranar da za a binne kawu da kiɗansa, tsoro na gaske.

Ranar kasuwa Magagi yakan huta a bencin shagon. Sai Ɗandije ya haɗa goge a kwamfuta, ya sa ta yi wani kiɗan share fage da ya ji tun yana ƙarami, ba na kiran kowane iska ba, don ba ya neman rigima. Ya karkatar da shi da gangan, ya saki.

Magagi ya daure, ya daure, har gemunsa ya fara motsi.

"Wanga mi na? Akuya ta ka haihuwa?"

Ɗandije ya yi fuskar marar laifi, ya ce ai haka kiɗan yake. Tsoho ya fusata, ya ce muryar tana hawa ne a hankali, tana ɗan karkarwa a ƙarshe. To, haƙurin Magagi bai fi na ɗigon ruwa a kasko mai zafi ba. Kafin ya laluba takalminsa ya tafi, Ɗandije ya shafa kalma, ya danna, ya karanta, ya gyara. Sautin ya hau, ya karkaɗa. Magagi ya saki takalmin.

Haka suka yi ta yi kasuwa bayan kasuwa. Ɗandije ya gyara nan, ya ɓata can, tsoho ya yi ta faɗa yana rera daidai da baki, har maganin da ya zo saye yakan manta.

Wata ranar kasuwa Magagi ya iso da abu naɗe a tsumma, ya ajiye kan tebur. Gogen ne.

"Ka ɗauka ban gane ba? Tun ran farko na san da gangan kaka ɓata shi. Rufe abin nan."

Ɗandije ya rufe kwamfutar, ya ɗauki gogen, ya ja. Wannan karon akuyar ta gaske ce ta haihu, har mai shayi ya leƙo. Yatsansa ya tafi neman maɓalli, babu.

Magagi bai yi dariya ba. Ya matso, ya ɗora hannunsa mai rawa a kan na Ɗandije, suka ja tare.