Matan Fim a Bakin Goggo Ikilima

Goggo Ikilima ba ta taɓa riƙe kyamara ba, amma wallahi ta gyara finafinai da yawa. A unguwar Kokoro aka haife ta, uba Bakano, uwa 'yar Bangui, ta tashi da Hausa da Sango duk a baki ɗaya. Da safe tana suyar makala, wato fanke, a bakin titin Koudoukou. Bayan la'asar kuwa matan layinmu na unguwar Kilomita Biyar su cika tsakar gidanta, a jona talabijin da batir, a saka fim ɗin Hausa irin wanda fatake ke kawowa. Yawancinsu Sango kawai suke ji, sai ta zauna gefen akwatin tana juya musu maganar.

Fassarar tata fa sai a hankali. Kullum ƙorafinta ɗaya, wai masu fim ba su san mace ba sai tana kuka, ko tana hanyar gidan boka, ko ta ci kwalliya ta zauna kamar kwano a kabad. Ta ce duk unguwar nan a nuna mata mace ɗaya mai wannan sararin. Don haka in matar fim ta buɗe baki, Goggo ce ke zuba mata maganar da ta ga ta dace.

Shekarar da Baba ya rasu, Mama ta gama takaba amma ta kasa tashi. Shagonsa na sarin shinkafa yana rufe. Baffa Muktar, ƙaninsa, ya ce ba don mugunta ba, in har Sallah ta zo ba a buɗe ba, mai wurin zai ba wani. Na yi roƙon duniya, Mama ta ce ina mace ina shagon sari. Alhali duk masu sayen nan ta san su har da matansu.

Wata Laraba Goggo ta shigo ta kamo hannun Mama ta ja ta gidanta kallo, ba shawara. Fim ɗin ranar kuwa na wata ce da mijinta ya mutu. Matar ta zube ƙasa tana cewa ta shiga uku, wa zai riƙe ta. Goggo ko gezau, ta juya da Sango: "Ta ce a bar ta ta gama kukanta yau, gobe da sassafe kaya na jiranta a shago."

Ni da na sha Hausa a bakin Baba na buɗe baki zan gyara, sai na ji diddigen Goggo a kan ɗan yatsan ƙafata. Na haɗiye maganata. Matar fim na ta rusa kuka, Goggo na ta sa ta ciniki da 'yan dako. Da aka kusa wurin da wani attajiri zai zo ya cece ta, da yake Goggo ta riga ta kalla, sai ta sa ƙafa ta zare wayar batir, ta ce caji ya ƙare. Sauran labarin da baki ta ƙarasa, kuma babu attajiri a ciki.

Da aka tashi, ni da Mama muka koma gida. Ana saura kaɗan Sallah ta aika wa Baffa ya kawo makulli. Shagon nan shi ya ciyar da mu, shi ya kai ni makaranta, kuma duk sanda na ga Mama a bayan buhunan nan sai na sa wa Goggo albarka.

Yanzu idon Goggo ya yi rauni, kowa kuma a wayarsa yake kallo. Kwanakin baya na zauna na kwance wa Mama asirin fassarar ranar nan, ina ganin na zo da babban labari. Ta yi dariya har da hawaye.

"Ke, na zauna da Bahaushe shekara da shekaru, 'na shiga uku' ne ban sani ba? Ai na san da wa take magana."

Sannan ta nuna min buhun da take ware wa Goggo duk wata, ta ce in tare mai babur, kuma in gaya mata matar fim ɗin tana gaishe ta.